Tafiyata Damagaram da Irin Geron Baffa

Tun da na dawo daga Damagaram ba ni da sakat. A majalisarmu ta bayan la'asar, a ƙofar masallaci, har wurin mai facin babur, tambayar ɗaya ce: "Sabo, yaya Faransa?" Haka mutanenmu ke kiran Nijar in suna jin tsokana. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk bayarwa sai hanyar ta ƙara nisa, jandarman bakin iyaka ya ƙara tsawo. Gara in rubuta shi sau ɗaya kafin ya koma tatsuniya.

Ga wanda bai san ni ba, a wani ofis nake aiki a Dutse, ni ne mai kula da kwamfutoci. Shekarun baya aka kawo sababbi, aka jibge tsofaffin a sito. Na roƙa aka ba ni su, na jera a kan kanta ta ƙarfe, na haɗa su da waya suka zama kamar guda, na ɗora musu aikin hasashen ruwa. Ƙasashe masu hali da manyan injuna suke wannan lissafi, kuma suna sakin sakamakonsu kyauta a intanet, sai dai a dunƙule yake, Jigawa gaba ɗayanta ba ta fi 'yan ɗigo ba a ciki. Mu sai mu ɗauko, mu yanki wajenmu, mu sake lissafa shi dalla-dalla. Kwamfuta ɗaya ba ta iyawa, shi ya sa ake yi musu gayya: a raba sararin sama gona-gona, kowace ta kama tata tana lissafin iska da zafi da laima, in ta kai iyaka ta jira maƙwabciyarta. Kamar kowace gayya, mafi nawa ita ke tsayar da lokacin tashi.

Matsalar ita ce nawa injin ba ya ganin hadari sai ya iso ƙofar gida. Wani lokaci ma ruwan kan riga shi, in zauna ina kallon allo yana yi mini albishir da ruwan da na riga na shanya rigar da ya jiƙa. Ihu bayan hari ke nan. Abokan aiki suna dariya, ni ma ina taya su, don ba abin kowa ya ɓaci ba.

Baffa ne ya raba ni da dariyar. Ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni, yana noma a wani ƙauye gabas da Kiyawa. Yana da irin gero da ya gada wurin kakanmu, ɗan gajere mai saurin nuna, wanda duk maƙwabta sun bari sun koma irin kasuwa. Bara ruwan fari ya yaudare shi, ya shuka, rana ta ƙone. Ya sake, ta sake cinye fiye da rabi. Abin da ya tsira bai fi shuka ɗaya ba, yana cikin gora a rataye a ɗakinsa, ko matarsa ba ta taɓawa. Da na je gaishe shi da bazara sai ya ce, "Bana ba zan sari ƙasa ba sai ka ce. Ba kai ne mai injin ruwa ba?"

Na ce, "Baffa, injin nan fa har yanzu koyo yake."

Ya ce, "Ni dai na gaya maka."

Akwai wata Madam Zainabu a Damagaram da muka saba a wani zauren masu irin aikinmu na waya. Ita ma da tsofaffin kwamfutoci take aiki, amma nata hasashen manoma na ji. Na kai mata kukana, ta ce magana a waya ba ta gyara inji, in kwaso tsarina in zo. Na kwafe komai a wani faifan ajiya mai kamar sabulu, na ɗauki hutu, na nufi tasha damina na ƙofa.

Motar da na samu ƙarama ce, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, buhun barkono a but yana sa mu atishawa bi da bi. Muka ratsa Gujungu ranar kasuwa, inda mota ba ta tafiya sai dai ta roƙi shanu hanya. Bayan Taura hirar motar ta koma kan ruwa, kamar kowace hira a wannan lokaci na shekara. Wani dattijon Bafulatani da ke gefena ya ce shanunsa sun fara shinshina iska, direba ya ce shi gwiwarsa ce ke gaya masa, wata mata a gaba ta ce su duka su ji tsoron Allah. Ban ce musu ga sana'ata ba. Wanda injinsa ke zuwa bayan ruwa ba shi da bakin shiga gardamar shanu da gwiwa.

Daf da Garki taya ta fashe. Direba ya buɗe but ya zaro safaya daga ƙarƙashin barkonon, ita ma ba iska, ya dube ta kamar yau suka fara haɗuwa. Muka zauna gindin wata darbejiya har ya je gari da acaɓa ya dawo. Dattijon ya raba mana goro. Ba wanda ya yi faɗa, wannan kam na yaba wa mutanenmu.

Da rana ta karkata muka wuce Ɓaɓura muka isa iyaka a Babban Mutum. Ɓangarenmu ba a tsaya dogon bincike ba. A ɓangarensu wani jandarma siriri ya karɓi takarduna ya juya su, sannan ya ce, "Ina biro ɗinka?"

Na laluba aljihu na miƙa masa bairo. Ya karɓa, ya dube shi, ya dube ni, ya kira abokin aikinsa ya nuna masa, suka yi dariya har da dafa bango. Ashe a wurinsu biro ofis ne, tambayata yake inda nake aiki. Bai mayar mini da bairon ba, ni ma ban tambaya ba. Daga nan ya zaro faifan daga jakata.

"Wannan hwa, mi ke ciki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sararin samaniyar Jigawa ne." Na ga fuskarsa ta fara sauyawa, na yi maza na ce hasashen ruwa nake yi.

"A'a, meteyo ne kai! Ka ce mini haka mana." Haka suke kiran mai hasashen ruwa. Ya jawo mini benci, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya tambaye ni yaushe ruwa zai zauna a garinsu. Na ce Allah ne masani, wanda gaskiya ne, kuma shi ne iyakar abin da injina ya sani. A nan na fara gane cewa mai wannan aiki yana da daraja a ƙasar. A Dutse in na ce hasashen ruwa nake yi, tambayar da ke biyo baya ita ce, "To amma aikinka fa?"

A Magarya na sauya mota, na ci dogon burodinsu mai kamar taɓarya, wanda sai ka yi niyya kafin ka gatsa. Layin wayata ya ɗauke tun daga iyaka. Muka shiga Damagaram ana kiran magariba, ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓarsu, ya kai ni gidan da aka kwatanta mini.

Ina sauka na ji yaran unguwa suna ihu, "Mushe! Mushe!" Na ja da baya ina duba kwata, ina jiran wari ya bugo ni. Sai ga wani mutum fes da shi cikin farar riga yana miƙo mini hannu. Shi ne Mushe Ibro, mijin Madam Zainabu, malamin makaranta, kuma haka ake kiran malami a can. Na gaya masa abin da kalmar ke nufi a wajenmu, ya ce ya sani, duk baƙon Nijeriya da ya sauka gidansa sai ya gaya masa, kuma kowa na zaton shi ne na farko.

A shagon ƙofar gida suka sauke ni, amma zafi bai bar kowa ya kwana a ɗaki ba, tabarma aka shimfiɗa mana a waje. Abinci ban ga bambanci mai yawa ba, dambu ne da zogale, da fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Shayi ne dai ba a sha a tashi. Zagaye uku ne a ɗan kofin da bai fi murfin kwalba ba, kuma tashi bayan na farko rashin kunya ne. Da tsakar rana gari kan mutu murus, ofis da kanti duk a rufe sai la'asar. Abin da ya fi burge ni shi ne rediyo. In damina ta kama, mai labarai kan karanto yawan ruwan da aka samu gari-gari, har ƙauyen da ba ka taɓa ji ba, gida ya yi tsit kowa na jiran sunan garinsu. Mu a nan sai dai ka ji an ce an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko an ce yayyafi ne.

Washegari Madam Zainabu ta kai ni ɗakin injunanta. Na yi zaton zan ga abin da zai sa in raina nawa, sai na tarar nata sun girmi nawa. Daga wani shagon intanet da ya rufe ta kwaso su. Ta cire musu riguna don su sha iska, ta rataya jiƙaƙƙun buhuna a taga, fanka na kaɗawa. Mace ce mai saurin magana, ba ta da lokacin doguwar gaisuwa. Ta karɓi faifan ta buɗe taswirar da nake aiki da ita, akwati mai kusurwa huɗu, Dutse a tsakiyarsa daram. Ta cire tabarau ta sake dubawa.

"Malam Sabo, wa ya sa Dutse a tsakiya?"

Na ce Daraktanmu ne. Ranar da na fara nuna masa aikin ya ce in baƙi sun zo dole su ga babban birnin jiha a tsakiya, babban birni ba ya zama a lungu. Ni kuwa ba na musu da Darakta a kan taswira.

Ta ce, "Hadari daga ina yake zo muku?"

"Daga gabas."

"To mi kake yi da Katsina da Zariya? Rabin injunanka rakiya suke yi wa hadarin da ya riga ya wuce ku. Wanda ke tahowa kuma ba ka ba shi hili ya haɗu ba, sai ya shigo akwatin ne suke ganinsa."

Ta kama akwatin ta ja shi gabas, har tafkin Cadi ya shigo ciki, Dutse ta koma can kusurwar yamma kamar an kore ta. Ba ta ƙara mini inji ko ɗaya ba. Muka gwada shi da wani ruwa na bara da na san ranarsa, sai ga hadarin ya haɗu tun daga Borno yana tahowa, ina kallonsa. Na yi murna, na kuma ji haushin wahalar hanya, har da tayar da ta fashe a Garki, duk don gyaran da bai fi jan yatsa ba.

Da yamma na ari wayar Mushe Ibro na kira Baffa don ya san na sauka. Ko gaisuwar bai bari mun gama ba.

"An yi ruwa jiya, Sabo. Na tona, danshi ya wuce tafin hannu. Gari duk ya fita gona, ni kaɗai ne a zaure. In shuka?"

Ƙasarmu yashi ce, danshinta ba ya jiran kowa. Kwana biyu, in ya daɗe uku, ya tafi. Na ce ya ba ni zuwa gobe. Ya ce, "To," irin to ɗin da ake yi wa likita.

Madam Zainabu ta ce tambayar ba ta ruwan jiya ba ce, ta wanda zai biyo baya ce, kuma lissafi ɗaya ba ya amsa ta. Ba wanda ya san yadda sama take a yau daidai wa daida, ɗan kuskure kaɗan a farko kan zama babba bayan mako. Don haka sau goma za a yi lissafin, kowane a ɗan sauya masa mafari, a ga inda suka fi karkata. A manyan injuna wannan aikin shan shayi ne. A nata kuwa kwana ne da yini.

Muka sa su aiki, ɗaki ya ɗauki gurnani da zafi. Da safe wuta ta ɗauke, su kuran suke ce mata, batura suka riƙe. Wajen azahar ɗaya daga cikin kwamfutocin ta yi ƙauri ta mutu, sauran duka suka tsaya cak suna jiranta a kan iyaka. Muka cire ta, muka raba gonarta ga maƙwabta, aka ci gaba daga inda aka tsaya. Gari ya rufe don hutun rana, Madam Zainabu ba ta tafi ba. Mushe Ibro ya kawo mana fura ya zauna yana yi wa injuna fifita da kwali, ya ce ɗalibansa ma haka suke, sai an lallaɓa. Ni dai ina ta lissafin rana a kan yashin gonar Baffa.

Bayan la'asar amsa ta fito. Bakwai sun ce wani ruwan zai biyo cikin mako. Uku sun ce zai ɗauke, ɗaukewar da za ta kashe tsiro.

Na tambaye ta me zan ce masa. Ta ce, "Abin da ka gani. Kar ka ƙara, kar ka rage." Ni kalma ɗaya na zo nema, shuka ko jira, kuma tsoro na ji ƙwarai. In na ce ya jira ruwa ya zauna, na sa dattijo ya yi latti gari na yi masa dariya. In na ce ya shuka rana ta ƙone, irin kakanmu ya ƙare a bakina.

Na kira shi na ce, "Baffa, an yi tambayar sau goma. Bakwai sun ce ruwa zai ci gaba, uku sun ce zai ɗauke."

"Ukun nan, maƙaryata ne?"

"A'a, Baffa. Duk ɗaya suke, ba wanda ya fi wani gaskiya."

"To kai me ka ce?"

"Ni abin da na gani ke nan."

Ya ce, "Madalla. Ka gai da masu masaukinka." Ya kashe.

Na ƙara 'yan kwanaki ina koyon sauran dabarunta, sannan na kamo hanya da guzurin kilishi. Dawowar ba ta da labari, sai dai tun daga Magarya har Taura ba inda muka taka laka. Gonaki na gefen hanya sun yi tsiro, tsiron ya fara naɗe ganye. A motar ba wanda ya yi gardamar ruwa, kowa ya leƙa gabas ya mayar da kai.

Na fara biyawa ofis na ja akwatina gabas. Darakta ya shigo ya ga Dutse a lungu ya ɓata rai, sai na buga masa tsohuwar taswirar a babbar takarda aka manna a bangon ofishinsa, kowa ya samu abin da yake so. Ranar Asabar na hau babur zuwa ƙauye. Ban tsaya gida ba, gona na wuce, don na kasa haƙurin a gaya mini.

Daga nesa na ga gonar ta yi zane-zane. Da na matso na ƙirga: layi bakwai da tsiro, layi uku ƙasa tsirara, bakwai, uku, haka har kan iyaka. Tsiron ya yi toka-toka, ya sunkuyar da kai. Baffa na zaune gindin gawo, ya bar ni na gama ƙirgata kafin ya amsa sallama.

Ya ce, "Bakwai sun fi uku, shi ya sa na bi su. Amma ka ce ukun ba maƙaryata ba ne. Ba a hana mutum rabonsa don an fi shi yawa. Nasu yana gora."

Ni lambobi na karanta masa daga allo, shi kuma ya ɗauko su ya shimfiɗa a gonarsa layi-layi, da irin da ba shi da wani. Tausayinsa ya kama ni, na zauna a ƙasa kusa da shi.

Ukun ne suka yi gaskiya. Ruwa bai dawo ba sai da layukan bakwai suka mutu, in ban da tsilli-tsilli a kwari. Da damina ta zauna sosai ya sauko da gora ya shuka layukan ukun, ya cike sauran da wake. Geron da ya samu bana ba zai riƙe gidan har baɗi ba, wannan mun san da shi, ni da ƙannena mun yi magana kan yadda za mu cike masa. Amma irin bai ƙare ba.

Makon jiya ina ɗakin injuna masinja ya ce ina da baƙo. Na fito na ga Baffa yana sauka daga acaɓa da ƙaramin damin gero a kafaɗa, zangarniya zaɓaɓɓu, irin waɗanda ake warewa don iri. Bai taɓa taka ofishinmu ba. Na shigar da shi, ya tsaya yana kallon kantar da wayoyinta.

"Ina ukun? Na kawo musu nasu."

Na ce masa ba wasu uku daban, injuna ɗaya ne suka ba da amsa goman, kuma ma suna can Damagaram, waɗannan 'yan'uwansu ne. Ya gyaɗa kai, ya ce wato baki goma gare su, kamar mutanen gari. Ya sauke damin ya jingina shi da bango nesa da taga, ya duba rufin ko yana yoyo.

"To ka ajiye wannan a nan. Rabin irin ke nan, rabi na gora. Ban taɓa raba shi gida biyu ba, amma na tsufa, Sabo."

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baffa."

Ya ce amin. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Baɗi ba waya za ka bugo mini ba. Ka zo ka riƙe sungumi, in ya so injin naka ya yi magana kana tsaye a gonar."

Na ce to.